Inda Kawu Ya Tsaya

Da Kawu ya rasu, mutanen Gure sun rasa abin da za su ce mana. Mutum zai shigo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Innata, bakinsa ya ɗauko addu'ar da ya saba yi wa mamaci, sai ya tuna wanda ya mutu Kirista ne, ya haɗiye ta. Sai ka ji ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri," ya maimaita, ya sake maimaitawa, don ya cike gurbin abin da bai faɗa ba.

Innata ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zauna a bakin ɗaki da carbi a hannu, idonta a bushe. Wata maƙwabciya ta matso ta tambaye ta a hankali me take roƙa masa. Innata ta ce, "Ban san abin da zan roƙa masa ba. Na dai ce wa Allah ga yayana nan, ka fi ni saninsa."

A ƙofar gida limamin unguwarmu ya zo yana dogara sanda, ya zauna tabarma ɗaya da faston ƙaramar majami'ar garin. Ya dubi faston ya ce, "To, yanzu wa zai yi musu da ni?" Wani makiyayi ya taso tun daga Alakoss a bayan mota, ya ce shi bai san addinin mutumin nan ba sai yau, abin da ya sani shi ne ranar da ɗansa ya cika a asibiti, wannan tsohon ne ya zauna kusa da shi har aka ɗauki gawa. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga nesa, wasu da furfura, ɗaya daga cikinsu ya kifa kai a jikin bango yana kuka kamar yaro. 'Yan'uwana maza, Musulmi dukansu, su suka haƙa masa kabari a maƙabartar Kirista, rairayi yana zubowa suna kwashewa. Akwai kuma dangin da ba su zo ba sam. Ban yi mamakinsu ba, tun yana da rai ba sa zuwa.

Matar Kawu, wadda muke kira Mama, tana cikin ɗaki tare da matan majami'a suna waƙa ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa kukan bai zo mini yadda ya kamata ba. Fushi ne ya tare masa hanya. Na san ta'aziyya wurin faɗin alheri ce, kuma zan faɗi alherin Kawu, don yana da yawa. Amma ba zan rubuta cewa ya rayu cikin daraja ya mutu cikin daraja ba, kamar yadda wasu suke so a rubuta. An yi masa ƙarya, an kore shi daga aikin da ya ba rayuwarsa, kuma wanda ya yi masa haka yana nan da ransa yana cin abinci. Ba zan kama suna ba. Ba don tausayi ba ne. Ya san kansa, waɗanda suka zauna a zauren da aka yi ƙaryar ma sun san shi.

Mu Mangawa ne. A gida Manganci muke yi, Hausa ta kasuwa ce da ta lakwal, wato makarantar boko. Kawu shi ne na farko a gidanmu da aka kai lakwal. Daga Gure ya wuce Damagaram, daga can ya ƙara gaba, ya dawo da wani addini. Kakanmu namiji ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Kaka kuwa, uwarsa, duk motar da za ta yi yamma sai ta ba direba ƙullin dabino da kanwa a kai masa. Haka aka yi shekaru. Sai bayan rasuwar tsohon ya koma shigowa gida.

Ya yi karatu har ya zama dokta a ilimin tauhidi na Kirista, ya koyar a wata babbar makaranta can yamma, tafiyar da ta fi yini daga Gure. Ɗalibansa ba yara ba ne. Fastoci ne da suka riga suka gama karatun farko, suka riƙe majami'u, sannan suka dawo neman digiri na gaba. Yana koya musu Helenanci da Ibrananci don su karanta Littafinsu a harshensa na asali, yana kuma koya musu yadda ake kiwon jama'a: yadda ake shiga gidan mutuwa, yadda ake sasanta miji da mata, yadda ake tsawata wa mai kuɗi.

Na san wannan ne don a gidansa na yi lise, wato babbar sakandare. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya roƙi Babana ya ba shi ni. Babana ya yi ta jan ƙafa. Kawu ya ce masa, "Yadda ka ba ni ita, haka zan maido maka ita." Kuma ya cika. Shi ke buga mini ƙofa in tashi sallar asuba. In na yi nauyin barci sai ya ce, "Uwata, ni ba zan amsa tambayar ubanki ba, tashi." Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Da azumi Mama ce ke dama mini kunun buɗa baki. A shekarun da na yi a gidan, ko sau ɗaya bai ce in bi su majami'a ba.

Da la'asar ɗalibai kan taru a barandarsa, ana shayi ana gardama. In wani ya jawo aya don ya kayar da abokinsa, Kawu ba ya ce masa ka yi daidai ko ka yi kuskure. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Karanta wadda ke gabanta." Mutum ya karanta, muryarsa ta fara sanyi. "To, karanta ta bayanta." Kafin ya gama, gardamar ta mutu a bakinsa. Ɗalibai har sun mayar da maganar sunansa a bayan idonsa.

Yana kai su asibiti, ya raba su gadajen marasa lafiya, ya hana su buɗe baki. Wani fasto mai son wa'azi ya taɓa ce masa, "Malam, to me muka zo yi in ba za mu yi magana ba?" Kawu ya ce, "Mutumin nan yana fama da ciwo, kada ka ƙara masa da kanka. Ka zauna. In ya gaji da shirunka zai tambaye ka, sannan ka amsa abin da ya tambaya kawai."

Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai a kan malalacin ɗalibi. Na ga ranar da ya miƙa wa wani babban fasto kundinsa ya ce, "Wannan ba bincike ba ne, wa'azin Lahadi ne ka yi wa bango." Mutumin ya fita yana huci. Yana alfahari da Helenancinsa fiye da kima, kuma ba shi da murya, amma shi ke fin kowa ɗaga ta a waƙa. Faɗansu da Mama kullum ɗaya ne: tana auna tuwon mutum uku, shi ya shigo da mutum bakwai. Ta ce, "Ni gidan abinci na buɗe?" Ya ce, "Ƙara ruwa a miya." Ta yi ta faɗa tana ƙara ruwan.

A cikin masu cin tuwon nan akwai wanda ya fi kowa zama. Tun kafin in zo gidan ya zo makarantar da matarsa mai ciki, ba su da kowa a garin. Yana da kai, wannan ba zan hana shi ba. Kawu ya ɗauke shi kamar ɗan da bai haifa ba. Baba yake ce wa Kawu, ni kuma yana ce mini ƙanwata. Na wanke kwanon da ya ci abinci fiye da yadda zan iya tunawa. Da haihuwa ta zo wa matarsa da gardama, jini ya ƙare mata, aka rasa wanda nasa ya dace, Kawu ne ya nannaɗe hannun riga ya kwanta aka ɗiba. Ya dawo gida yana jiri, Mama tana yi masa faɗa tana ba shi fura. Shi ya duba masa kundinsa layi-layi. Shi ya tsaya masa har aka tura shi ƙasar waje ƙarin karatu, shi kuma ya nace a ɗauke shi malami da ya dawo. A nan zan kira shi ɗan gida, don haka muke kiransa a lokacin.

Ina shekarar ƙarshe a lise Kaka ta kwanta ciwon ajali. Muka kamo hanyar Gure, ni da Kawu da Mama, ɗan gida yana jan motar, don ya ce ba zai bar Baba ya yi wannan tafiya shi kaɗai ba. Mun same ta da sauran numfashi. Ta riƙe hannun Kawu, suka yi magana da Manganci, ta cika washegari da hantsi.

A ƙofar gida aka yi mata salla. Mu mata muna ciki, amma ni na leƙa ta ramin zana, don ina son in ga fitar Kaka. Kawu yana cikin waɗanda suka ɗauko makara. Da aka ajiye ta, liman ya shiga gaba, maza suka ja sahu, sai Kawu ya ja da baya, ya koma gindin aduwar da ke gefen gidan, ya tsaya ya sunkuyar da kai. Ɗan gida yana tsaye a gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame, Kawu ya dawo ya sa kafaɗarsa a makara aka tafi. Abin da ya faru ke nan. Da idona na gani.

A lokacin diraktan makarantar yana shirin sauka, kuma kowa ya san Kawu ne zai gaje shi. Ba mu daɗe da komawa ba aka kira Kawu gaban komite na dattawan ikkilisiya, a babban zauren makaranta, malamai da ɗalibai suna zaune. Ɗan gida ya miƙe ya ce shi shaida ne, ran jana'izar uwarsa Kawu ya shiga sahu, ya ɗaga hannu ya yi kabbara tare da Musulmi. Ya ce ya daɗe yana ɓoye abin a ransa, lamirinsa ne ya hana shi barci. Ya ƙara da cewa a cikin gidan makaranta ma akwai yarinya da ke shimfiɗa tabarmar salla da izinin Kawu. Yarinyar ni ce, ƙanwarsa.

Na roƙi Mama ta ce musu ina da magana, ni ma na gani. Aka aiko da amsa cewa wannan sha'anin ikkilisiya ne, ba a karɓar shaidar wadda ba ta ciki. Sai na tsaya a waje, jikin taga.

Kawu ya ce bai shiga sahu ba. Ya faɗa sau ɗaya, bai rantse ba, bai kuma dubi ɗan gida ba. Wani dattijo ya ce, "Dokta, abin mai sauƙi ne. Don zukatan mutane su kwanta, ka faɗa a gabanmu cewa mahaifiyarka ta mutu a ɓace, ba ta da rabo. In ka faɗa, magana ta ƙare."

Kawu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Uwata tana hannun wanda ya halicce ta. Na yi shekaru ina koya muku magana a kan Allah. Ban tuna ranar da na koya muku ku hau kujerarsa ba."

Aka ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce ita ke gare shi.

Suka sallame shi. Ba a bar shi ya ƙarasa zangon karatu ba, ɗaliban da yake duba wa kundi aka raba su ga wasu. Aka ce ya fita daga gidan makaranta. Ranar da muke ɗaure kaya, mutanen da suka shekara suna shan shayi a barandar nan sun bi ta bayan gida don kada a gan su a ƙofarmu. 'Yan kaɗan ne suka zo suka taya mu loda littattafansa a kamiyo, babbar motar kaya. Kafin shekara ta juyo, ɗan gida ya hau kujerar dirakta, ya tare a gidan da muka fita. Matarsa, wadda jinin Kawu ke yawo a jikinta, ita ta gaji murhun Mama.

Kawu ya dawo Gure, ya zauna a gidan Kaka. Kiristocin garin ba su da yawa, galibi ma'aikata ne da sojoji da aka turo daga wasu jihohi. Umurni ya biyo shi cewa kada a ba shi mumbari. Sai mutumin da ya koyar da manyan fastocin ƙasar nan ya koma zama a bencin baya, yana sauraron wa'azin saurayin da bai kai shiga ajinsa ba. In an tashi ya je ya gaishe shi, ya ce, "Na ƙaru, Fasto." Faston mutumin kirki ne, kunya ta yi ta cinsa. Daga baya ya riƙa zuwa gida da hantsi yana koyon Helenanci, a nan ne kawai nake ganin fuskar Kawu ta koma irin ta da.

Sauran lokacinsa ya raba biyu. Da safe yana asibiti, wurin waɗanda aka kawo daga ƙauyukan Kelle da Bune ba su da mai jinya. Ba ya wa'azi, zama yake yi, ya yi musu tafinta wurin likita, ya ɗebo ruwa. Da yamma yana wurin liman. Sun yi wasan ƙasa tare suna yara, suka tsufa suna gardama. Ba wanda ya taɓa jan wani ko taki ɗaya, amma in ɗaya bai fito ba sai ɗayan ya aika a dubo.

Na gama karatuna, na dawo Gure ina koyarwa a kolej, wato ƙaramar sakandare, na yi aure a unguwar. Kullum sai na biya ta wurin Kawu da Mama. Faɗa ɗaya muka taɓa yi da Kawu, kuma a kan ɗan gida ne. Wata rana aka nuno shi a telebijin, ya yi ƙiba, yana jawabi a kan zaman lafiya tsakanin addinai. Na tashi na kashe. Na ce, "Kawu, ko sau ɗaya ka ce Allah ya isa."

Ya ce, "Uwata, ni na koyar da shi. In ya fito haka, sai a tambaye ni abin da na koya masa."

Na ce, "Ka koya masa karatu. Ƙarya da kansa ya zo da ita."

Ya ce, "Na ajiye maganar nan tuntuni. Ba ki da hurumin ɗaukar mini kayan da na sauke."

Na ce, "Naka ka sauke. Wannan nawa ne. Ni aka ce bakina bai isa shaida ba."

Ya dube ni. Ya ce, "Kin yi gadon kakanki namiji." Ban gaishe shi ba na fita, kuma na yi kwanaki ban je ba, har ya aiko Mama da dabino.

Ya ce ya ajiye, amma jikinsa bai ajiye ba. Tansiyo, wato hawan jini, ta kama shi tun shekarar da muka dawo. Daga baya ta buge shi, ɓarin jikinsa ya mutu. Faransanci ya tafi, Hausa ta tafi, Helenancin da yake taƙama da shi ya tafi. Manganci kaɗai ya rage masa, harshen da Mama ba ta ji sosai, sai ni ko Innata mu fassara mata maganar mijinta. In ya ji mota ta tsaya a waje sai ya ɗaga kai ya ce, "Daga makaranta ne?" Mu ce a'a. Ya ce, "Hanya ce ba kyau." Ya yi wa ɗan gida uzuri da hanya har ya mutu. Wannan ne abin da ba zan yafe ba, ya fi korar da aka yi masa yi mini ciwo.

Ranar da za a tashi daga zaman makoki, ina cikin gida muna rabon abinci, sai aka ce ga baƙi daga makaranta. Babbar mota ce fara, irin kat-kat mai shiga rairayi. Ɗan gida ya fito da babbar riga, tare da dattawa biyu daga cikin waɗanda suka zauna a komiten nan, sun tsufa. Aka ba su tabarma. Na tsaya a zaure ina ji. Ya yi gaisuwa, sannan ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce Baba uba ne gare shi, duk abin da ya zama Baba ne sila. Ya ce makaranta ta gina sabon ɗakin karatu, an yanke shawara a sa masa sunan Baba, kuma suna roƙon iyali su ba da littattafansa a ajiye a can, don amfanin masu zuwa. Muryarsa har tana rawa. Mutane suna gyaɗa kai.

Na gyara lulluɓina na fita. A garinmu mace ba ta fitowa tsakiyar maza a zaman makoki. Mijina ya dube ni, na kau da kai. Na durƙusa na gaida liman da dattawa, sannan na juya.

Ɗan gida ya ce, "Ƙanwata, ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya. Tambaya ɗaya gare ni, yaya. Ran da aka yi wa Kaka salla a nan wurin, ina Kawu ya tsaya?"

Ya ce, "Ƙanwata, yau ba ranar wannan ba ce."

Na ce, "Waccan ranar an ce bakina bai isa ba. Yau a ƙofar gidanmu kake. Ga aduwar can ba a sare ta ba. Ina ya tsaya?"

Ya kau da kai daga aduwar. Liman ya tambayi abin da ake magana a kai, don Kawu bai taɓa gaya masa dalilin dawowarsa ba. Faston garin ya sunkuya ya yi masa bayani a kunne. Na ga fuskar tsohon ta canja. Ya dafa sanda ya miƙe, ya ce, "Ni na yi wa matar nan salla. Kafin in tayar na waiwaya, don na so a ce ya shigo, ina kwaɗayin haka tun muna samari. Bai shigo ba. Yana can gindin itacen, da wani saurayi a gefensa." Ya ƙura wa ɗan gida ido. "Ashe kai ne. Ka yi jiki."

Wasu tsofaffin unguwa suka ce su ma suna sahun, haka aka yi. Ɗaya daga cikin dattawan da suka zo, shi ne wanda ya nemi Kawu ya yanke wa uwarsa hukunci, ya juya ya ce, "Dirakta, me kake cewa?" Ɗan gida ya ce shekaru sun yi yawa, wataƙila idonsa ne ya gane masa ba daidai ba. Dattijon ya rufe fuska da hannu biyu. Tsofaffin ɗaliban Kawu suna zaune suna kallonsa, kuma kallon ya fi zagi.

Sai ga Mama ta fito da kwanon tuwo a hannunta. Ta ajiye a gabansa, ta buɗe. Ta ce, "Ka sha hanya. Ci. Miyar da kake so ce." Ta koma ciki. Ya zauna yana kallon kwanon. Ya kai hannu ya gutsura, ya kasa kaiwa baki. Har suka tashi tuwon yana nan. Na tambayi Mama daga baya ko yafewa ce ta sa ta yi haka. Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Na dai so in ga ko zai iya haɗiyewa."

Ba su tafi da littafi ko ɗaya ba. Mama ta ce ni ta ba wa, in yi yadda na ga dama. Na kwashe su zuwa gidana. Faston garin yana zuwa ya ara, tsofaffin ɗalibai ma in sun biyo. Ni ba na iya karanta mafi yawansu, amma ina kakkaɓe su, ina duba gara.

Kada wani ya ɗauka an yi wani hukunci. Ɗan gida yana nan a kujerarsa. Dattijon nan ya dawo shi kaɗai ya durƙusa wa Mama ya nemi gafara, ta ce ta yafe. Makarantar kuwa ba ta ce komai ba. Na ji an buɗe ɗakin karatun, an rubuta sunan Kawu a bisa ƙofa.

Bayan wata biyu ɗan gida ya kira ni a waya. Ya ce yana son mu yi magana ta 'yan'uwa, tsakaninmu. Ya ce ƙuruciya ce da ruɗin Shaiɗan, ya ce ba ya samun barci, ya ce Baba da yana da rai da ya yafe masa.

Na ce, "Ya yafe maka tuntuni, shi ya sa ba wurinsa ka zo ba. Ni kake tambaya."

Ya ce, "To me kike so in yi, ƙanwata?"

Na ce, "A zaure ka yi ƙaryar, gaban malamai da ɗalibai. Ka koma zauren, ka tara su, ka miƙe inda ka miƙe, ka ce Kawu bai shiga sahu ba, ni na ƙaga don in hau kujera. Ranar da ka yi haka, ni da kaina zan ɗauki hayar mota in kawo muku littattafan, in kuma ce na yafe a gaban kowa."

Ya ce abin ba shi da sauƙi kamar yadda nake gani, akwai mutuncin makaranta. Na ce na sani, Kawu ma yana da mutunci lokacin. Ya ce zai yi tunani.

Innata tana ce mini in bari, mutuwa ta riga ta raba. Liman ma ya aiko a gaya mini riƙo ba kyau. Na ji, kuma na san Kawu ba zai so wannan rubutun ba. Allah ya sa ya tarar da abin da ya yi zato wurin Ubangijinsa, ya ba Mama da Innata haƙurin rashinsa. Nawa haƙurin ban roƙa ba tukuna.

Ina da mutane a makarantar, duk taron da aka yi a zauren nan ina samun labari. An yi bikin yaye ɗalibai, ya yi jawabi. An yi taron fastoci, ya yi jawabi. Har yau bai faɗa ba. Ni kuwa ya girme ni da shekaru masu yawa, lafiyata ƙalau, kuma ba na gaggawa.